Hasiya Mai Banda da Yaron Dudu

Sunana Dorcas, amma duk Yelwa Maman Samuel ake ce mini. Shekara goma sha tara ke nan ina zaune bayan tagar yankan kati a wani ƙaramin asibiti, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a layina zai gaya maka ba ni da haƙuri. Gaskiyarsu ce. Bakina ya fi hannuna sauri. To amma ba labarina zan ba ku ba. Labarin ƙawata ne, Hasiya mai bandar kifi ta Wara, wadda Allah ya yi ta daban da ni a kome.

Uwayenmu ne suka haɗa mu. Innata takan sauko daga tudu ranar kasuwa da dawa a kafaɗa, yadda matanmu ke ɗaukar kaya, innar Hasiya kuma ta tare ta da kifi. Su suna musaya, mu muna gindin wani tsohon jirgi da aka kife a bakin kwata muna gasa kawunan kifi. Ni ce mai surutu, ita ce mai ji. Daga baya aka kai ni makarantar mishan, ita kuwa ko ƙofar aji ba ta taka ba. Ta gaji murhun innarta, ta auri Jibrin masunci, mutumin da rabin shekara yana kan ruwa, in ya dawo kuma kalmominsa na yini guda ba su cika cikin cokali ba.

Wanda bai ga Hasiya a bakin banda ba bai san ta ba. Takan lanƙwasa tarwaɗa ta soke wutsiyar a baki kafin ka ƙifta ido, ta jera a kan waya, ta zauna tana sauraron yadda mai ke ɗiga cikin wuta. Da kunne take sanin lokacin juyi. Fataken kudu sun san kifinta ba ya farfashewa a kwando, don haka nata suke fara tambaya. Hayaƙi ya mayar da idanunta jajaye tun tana 'yar shekara talatin, ƙanshinsa kuma ya zauna a jikinta, ko ranar Sallah ta rungume ka sai ka ji shi.

Ɗanta na fari namiji ne. Aka sa masa sunan mahaifin Jibrin, marigayi Abdulƙadir, sai gida ya riƙa ce masa Ɗanbaba. Kun san kunyar ɗan fari, ba sai na koya muku ba. To ta Hasiya ta wuce ta kowa. Abdulƙadir dai ba zai fito daga bakinta ba, ga ɗan fari ga sunan suruki. Ɗanbaban ma ba ta faɗi. Ranar da aka yaye shi kakarsa Dudu, uwar Jibrin, ta goya shi ta wuce ɗakinta, daga ranar ya zama "yaron Dudu" a bakin uwarsa.

Mu mutanen tudu ba mu da wannan, shi ya sa nakan tsokane ta. In ce, "Ƙawa, yau in jirgi ya kife da shi, da wane suna za ki yi kururuwa?" Sai ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya ta ce, "Yaron Dudu yana da mai shi."

Kuma yana da mai shi ɗin. Dole in yi wa al'adar nan adalci, ba ta bar yaro a sake ba. Dudu ce mai faɗa, ita ce mai duka, ita ce mai lallashi. Tana kiransa maigidana, tana ja masa kunne a gaban kowa. Tsakanin ɗakinta da murhun Hasiya zana ɗaya ce, kuma na sha kama ƙawata tana leƙe ta kafar zanar. Tsokar kifin da ta fi kyau a kwanon Dudu take sa ta, ba ta cewa ta wane ce, Dudu kuma ba ta tambaya. Da ya yi ƙyanda yana shekara huɗu, kwana uku Hasiya ta yi tana gyaran itace ɗaya a bayan ɗakin. Ba ta shiga ba. Matan unguwa suka riƙa nuna ta ga amare suna cewa ga yadda ake kunya.

Dudu ta rasu da daminar da Ɗanbaba ya sami gurbi a wata kwaleji a nan Yelwa. Aka yi makoki, aka watse, ba wanda ya tsaya ya lura cewa bakin da ke yi wa yaron nan faɗa shi aka binne.

Shekarar ce Samuel ɗana ya shiga kwalejin, suka kama ɗaki ɗaya a gari. Kifin Hasiya ne ya biya wa Ɗanbaba kuɗin makaranta. Ƙarshen makon farko ya koma Wara, ya ɗora takardun shaidar biya a kan turmin da ke kife kusa da murhunta, ya dubi sama ya ce, "An biya." Ita kuma ta dubi wuta ta ce wa ƙanwarsa Halimatu, "Ɗauke takardun can kar su ƙone." Aka sa su cikin kwalla, aka tura ƙarƙashin gado. Hirar da suka yi a kan karatunsa ke nan.

A cikin takardun akwai wata shuɗiya, ita ce ta shafi aikina. A kuɗin makarantar akwai na inshorar lafiya, kuma asibitinmu aka ba ɗaliban. Abin da ake so kawai ɗalibi ya zo tagata da takardar da hoto, ya danna yatsa, a yi masa kati. Ranar za a auna jininsa. Daga nan ganin likita da gwaji da magani duk a kan katin ne har ya gama karatu. Ban da wannan akwai wata nas, Sista Barakatu, da ke zama da ɗalibai kowace Laraba da yamma a kan maganar shaye-shaye. Duk an riga an biya. Amma rabin yaran nan ba sa zuwa, sun ɗauka rasit ce irin sauran. Kada ku ce takardar da ke cikin kwalla ce ta hana Ɗanbaba. Da ya zo hannu rabbana da na nemo sunansa a kwamfuta. Wanda zai ce masa tashi ka je ne babu. Ni da ke zaune a tagar ma ban duba ko nawa ɗan ya zo ba, balle na wani.

Giya kuwa ba baƙuwata ba ce. Innata ta dafa burukutu har ta tsufa. Na ga tsofaffinmu suna sha bayan gayya, da rana tsaka, a ƙwarya, ciki cike da tuwo, kowa na kallon kowa, kuma in mutum ya fara zuba akwai gwaggon da za ta ɗauke ƙwaryar. Ban ce alheri ba ne, ya kashe waɗanda ya kashe. Amma abin da yaran kwaleji ke sha wani bala'i ne daban. 'Yar leda ce da ba ta kai tafin hannu ba, a aljihu take kwana, ba ta bukatar ƙwarya ko abokin zama. Suna sha da yunwa, suna gasar wa zai fi zubar da ledoji, suna cewa tana buɗe kai kafin jarrabawa, bayan jarrabawa kuma tana wanke gajiya. Yaron da ya taso a gidan da ko sunan giya ba a ambata ya fi kowa shiga haɗari, don bai taɓa ganin inda ake tsayawa ba.

A shekararsu ta biyu na kai musu garin tuwo wata Asabar da safe. Ɗanbaba ya tafi Wara, Samuel na kwance yana cewa zazzaɓi. Ɗakin ya yi kaca-kaca, na ɗauki tsintsiya, na ɗaga katifa. Ledoji ne shimfiɗe kamar an shanya ƙananan kifin nan warangi. Ban tsaya tambaya ba. Na cukwikwiye wuyan rigarsa, na kira shi da duk sunayen da ubansa ya sa masa da waɗanda bai sa masa ba, na jawo shi har titi masu shago na kallo. Ranar Litinin ni da kaina na danna yatsansa. Aka auna jininsa, aka ce hantarsa lafiya lau tukuna, aka yi masa allurar rigakafi. Laraba na tsaya a ƙofa har ya shiga wurin Sista Barakatu.

Na zaci wa'azi za ta yi masa, ashe ba haka take yi ba. Tambaya take yi: nawa kake sha, wace rana, da wa, me ka ci kafin nan, me kake ji in ba ka sha ba. Sai su yanka abin da zai rage a makon, ya dawo ya faɗi gaskiya. Samuel bai zama waliyyi ba, sau biyu yana komawa ruwa. Amma ya riƙa raguwa, daga baya ya kwashe kayansa ya dawo gidana. Yau yana koyarwa a Shanga, yana da mata da 'ya. Shi ne ya ce mini, "Mama, nawa wasa ne. Ɗanbaba ko karyawa ba ya yi sai ya sha."

Ranar kasuwa na hau mota zuwa Wara. Na iske Hasiya tana juya kifi, na ja kujera na zauna a inda hayaƙi ba ya bi, na zayyana mata kome. Ba ta ɗago ba.

"Na sani," ta ce.

"Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun damina waccan. Ni ka wanke mai kaya in ya zo. Abubuwan na cikin aljihu. Nan nika ƙone su." Ta nuna wutar da tsinken hannunta.

"To me kika ce masa?"

Ta dube ni kamar na ce ta shiga kasuwa ba zani. "Mi zan ce mai, Dorcas? Da wane baki?"

"Da bakin da kike cin tuwo. Ba ke kika haife shi ba?"

Ba wai ta naɗe hannu ba ne, ta yi iya abin da ta san ana yi. Ta ce wa Jibrin ruwan garin can bai karɓi yaron Dudu ba. Jibrin ya gane sarai, ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki tarunsa. Yaya zai zaunar da mai sunan ubansa ya yi masa maganar giya? Ta karɓo rubutu wurin malam, ta ba Halimatu ta kai masa a ce na jarrabawa ne. Ta ƙara yawan kifin da ake sa masa a jaka, don ta ji ana cewa abin ya fi cin mai yunwa. Kullum in ya zo takan zauna a bakin murhu da maganar a bakinta, ya gaishe ta daga nesa, ta amsa wa wuta, ya wuce.

Na gaya mata maganar kati da gwajin jini da Sista Barakatu. Na ce da kifinta aka biya, ba sadaka ba ce. Sai ta kama hannuna, abin da ba ta saba ba.

"Ke ki yi mai magana. Yana jin nauyinki."

"In ce ke kika aiko ni?"

"A'a. Don Allah kak ki ce ni ce."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata kunyar da za ta ci ɗanki ba kunya ba ce, na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, na tashi ko kifin da ta ƙulla mini ban ɗauka ba. Da wannan fushin na dawo Yelwa, kuma bai huce ba har bayan kwana biyu da na ci karo da Ɗanbaba a bakin tasha da hantsi.

Yaro ne mai ladabi, dogo, da idanun uwarsa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na ja shi inuwar wani shago na faɗa masa kome ba ɓoye-ɓoye: na ga ledojin, Samuel ya faɗi sauran, akwai kati yana jiransa, ya zo a duba jininsa, ya ga Sista ranar Laraba. Bai yi musu ba, bai kuma yi fushi ba. Yana ta murza hularsa. Da na gama ya ɗago ya dube ni, ya yi tambaya ɗaya, a hankali.

"Maman Samuel, Inna ce ta aiko ki?"

Ga gaskiya a bakina. Ita ta aiko ni, ta kama hannuna ma. Ko alkawarin da ta roƙa ban ɗauka ba balle in ce shi ya ɗaure ni. Haushinta ne kawai ya taso mini, na ce, "Innarka? Innarka da ko sunanka ba ta iya faɗi, ita za ta aiko ni?"

Ya yi ɗan murmushi ya mayar da hularsa. "Haka ne," ya ce. "To, zan zo ranar Laraba."

Magana zarar bunu ce. Tun kafin ya tsallaka titi na san abin da na yi, amma girman kai bai bar ni na kira shi ba. Laraba ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Sau biyu ina zuwa ɗakinsa, aka ce ya tashi ya koma wata unguwa. In ya hango ni a kasuwa sai ya sake hanya. Daga nan na ce wa kaina ai ɗan wani ne, na yi nawa. Na daina zuwa Wara, Hasiya kuma ba ta da wayar hannu. Mun fi shekara ba mu ga juna ba, kuma ban taɓa gaya mata abin da ya tambaye ni ba.

Sauran labarin daga bakin Halimatu na ji shi. A shekara ta uku ya fara ramewa, cikinsa kuma yana tasowa, idanunsa suka yi ɗorawa. Mutanen Wara suka ce shawara ce. Hasiya ta riƙa dafa saiwoyi, Halimatu na kai masa ɗaki. Yakan sha ya ce a ce an gode, Halimatu ta dawo ta ce an gode. Da hutu, wata safiya, yana taya ma'aikatan jirgi sauke kwanduna a kwata, sai ya durƙusa ya yi aman jini. Jibrin yana can ƙasan tafki kwana biyu a jirgi. Aka samo mota, Hasiya ce ta shiga, aka ɗora kansa a cinyarta tun daga Wara har Yelwa. Rabon da ta taɓa jikinsa tun ranar yaye.

Ina zaune a tagata sai na ji ƙanshin banda. Na ɗago, ga Hasiya, hannunta duk ɓawon kifi, da kwalla ɗaure a zani. Ba ta gaishe ni ba. Ta kwance, ta zube takardun duka a gabana, na shekara uku, don ba ta san wacce ce ba. Shuɗiyar tana can ƙasa, hayaƙi ya mayar da gefenta ja. Ban tambaye ta sunan majiyyaci ba, ni na rubuta. Na ɗauki na'urar danna yatsa na bi ta har gadon, na kama babban yatsansa na danna. Hannun ya yi sanyi, ba nauyi.

Katin ya yi aikinsa, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Aka ba shi gado, aka ƙara masa jini, aka yi gwaje-gwaje, Hasiya ba ta sayar da ko waya ɗaya ta murhunta ba. Sai dai likitar, wata yarinya mai sanyin murya, ta kira ni gefe ta ce yana ɗauke da ciwon hanta, mai yiwuwa tun yana ƙarami, giyar kuma ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Ta ce gwajin ranar farko da ya nuna. Ta ce akwai magani da ake ba irinsu su daɗe, in an kama da wuri kuma sun bar sha. Ta tambaye ni me ya sa bai taɓa zuwa ba, ga sunansa a jerin waɗanda aka biya wa tun shekarar farko. Ni mai baki, na juya na koma tagata.

A rana ta uku ya nutse cikin wani irin barci. Da hantsi likitar ta zo, ta ɗaga fatar idonsa, ta ce a kira shi a gani ko zai amsa. Halimatu ta ce, "Yaya Ɗanbaba." Shiru. Na kira, shiru. Likitar ba 'yar nan ba ce, ba ta san kome ba. Ta dubi fayil ta dubi Hasiya ta ce, "Mama, ke ki kira shi. Muryar uwa ta fi shiga. Abdulƙadir ne sunansa ko?" Ta wuce gado na gaba.

Hasiya ta ce wa Halimatu ta je ta ɗebo ruwa. Ta ce mini in ja labule. Na yi kamar zan fita, ta riƙe bakin zanina. Ta matsa kusa da kunnensa, sau biyu tana buɗe baki ba abin da ya fito. Na uku ya fito kamar raɗa.

"Abdulƙadir."

Bai motsa ba. Ta sake, wannan karon da ƙarfi, yadda Dudu ke ɗaga murya daga bayan zana.

"Abdulƙadir."

Ya buɗe ido. Wallahi ya buɗe. Idanun suka bi ta kan fuskarta suka wuce, suka nufi wajen ƙofa, yana neman wanda ya kira shi. Ya ce, "Na'am, malama." Bai taɓa jin sunan nan da wannan muryar ba, yaya zai san ita ce?

"Ni ce," in ji ta. "Inna ce. Ga ni nan."

Ya riga ya rufe idon. Daga nan bakin Hasiya ya buɗe, ta yi ta magana har azahar. Ta ce masa ya bar abin nan, yana cin mutum. Ta ce ita ke ƙone ledojin. Ta ce ya riƙa karyawa kafin ya fita. Ta ce kifin kwanon Dudu nasa ne, ita ke zaɓa. Ta ce ranar ƙyanda tana bayan ɗaki. Ta ce ya tafi wurin Dorcas ta yi masa kati, an riga an biya. Ni kuwa ina tsaye da katin a aljihuna, da safen nan aka buga shi. A nan na gaya mata abin da ya tambaye ni a bakin tasha da amsar da na ba shi. Na so ta zage ni, ta mare ni ma. Ba ta ko juyo ba, ta ci gaba da yi masa magana.

Ya cika ranar Juma'a kafin a tafi masallaci, yana da shekara ashirin da uku. Jibrin ya iso ana wanka.

Har yau ina tagar. Kowace shekara sababbin ɗalibai na shigowa, nakan bi su har aji ina faɗa, suna dariya suna cewa ga Maman Kati ta zo. Waɗansu na zuwa, da yawa ba sa zuwa, kuma shagunan da ke bayan kwalejin sun ƙaru da biyu. Hasiya tana nan a bakin murhunta, fatake na tambayar kifinta. In na je takan ƙulla mini nawa, in karɓa. Ba ta taɓa tayar mini da maganar tasha ba, kuma wannan ya fi mini zafi.

Ranar sadakar uku ina zaune kusa da ita a tsakar gida, mata sun cika har bakin zana. Ba ta yi kuka ba, don ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Wata tsohuwa daga dangin Jibrin ta shigo da sanda, ta yi gaisuwa, ta juya ga 'yan matan da ke zaune ta nuna Hasiya.

"Ku dube ta da kyau," ta ce. "Irinsu sun ƙare. Shekara ashirin da uku, har ya koma ga Mahaliccinsa, ba ta taɓa ambaton sunansa ba, ba ta taɓa duban idonsa ta yi masa magana ba. Wannan ita ce 'yar mutunci. Allah ya ba ku irin kunyarta."

Matan suka ce amin. Na yunƙura zan tashi in yi magana. Sai na ji hannun Hasiya a kan gwiwata ta ƙarƙashin mayafi, ta danne ni da ƙarfin da take danne kwando. Ta sunkuyar da kai ta ce wa tsohuwar, "Na gode, Gwaggo."

Na koma na zauna. Ranar ni ma ban ce kome ba.